Ƙa'ida ta Bakwai

Ranar farko a Naraguta, sanyi na cizon kunne,
muka cika ɗakin lakca har bakin taga.
Dakta Kangyang ta raba takarda guda,
gaba da baya, baƙaƙe kamar jerin kiyashi.
Ta ce, "Yarjejeniyarmu ke nan.
Wanda bai karanta ba, kada ya kawo min hawaye a watan jarrabawa."

A cikin keke na karanta ta,
daga Farin Gada zuwa Unguwar Rogo.
Zuwa aji, kashi saba'in da biyar cikin ɗari,
in ya gaza, babu kujera a zauren jarrabawa.
Aiki ranar Juma'a kafin sha biyu,
minti ɗaya ya gota, maki biyar ya tafi.
A bar tazara tsakanin layi da layi,
a bar gefe fari, faɗin yatsa biyu,
makiyayar jan biro.
Kowane aiki zubi uku ne.
Uzurin "an ɗauke wuta" kuwa, ta ce ya tsufa, a bar shi ya huta.

Sai ta bakwai, an ja mata layi a ƙasa:
duk maganar da ba taka ba, faɗi mai ita,
suna, shekara, shafi.
Wanda ya ɗauka ya yi shiru, ɓarawo ne.

Aikin farko, shafi biyu kan amfanin rubutu.
Ina shagon Plangnan, janareta na tari,
agogo na cin kuɗina,
na buga jimlar da ta zo min a sauƙaƙe:
takarda ba ta jin kunya,
abin da baki ya kasa, ita ke kai shi.
Sai yatsana ya tsaya.
Wannan ba tawa ba ce.

Ta Baba ce.
Shekara ashirin da shida a bakin gidan waya,
benci ɗaya, laima ɗaya,
da tafireta mai karyayyen harafi da yake cikewa da biro.
Mai bin fansho ya zo, mai bin bashi ya zo,
tsohon leburan kuza da ɗansa ya yi shiru a Ikko.
Su zuba masa magana da tsakuwarta,
ya rairaye, ya buga,
su dangwala yatsa a ƙasa su tafi.
Wasiƙa dubu nawa? Ko ɗaya babu sunansa.

A ƙarshen shafi na sa:
Tanimu Akawu, bakin gidan waya, Jos.
Shekara, ban sani ba. Shafi, babu.

Takarda ta dawo da bakwai cikin goma.
Biyu sun tafi a waƙafi, ɗaya a gefen da na matse.
Sunan Baba an zagaye shi da ja:
"Tsarin bai yi ba, amma kada ki cire.
Tambayo shi ranar da ya faɗa."

Da dare na karanta masa, ido ya riga ya bar shi.
Ya yi dariya har da tari.
"Ladidi, ai ba tawa ba ce.
Wata mai sayar da gwote ce daga Bukuru,
ta zo neman gafarar 'yar'uwarta.
Na ce me ya hana ki zuwa da kanki,
shi ne ta faɗi haka."

Na ce, sunanta?
Ya daɗe yana murza gemu.
"Tana da wushirya. Ta biya ni da sulalla masu ɗumi."

Gobe Juma'a, zubi na biyu.
Na gyara waƙafi, na buɗe gefe.
Layin ƙarshe ne ya rage,
ga biro a hannuna tun bayan isha'i.